Allon Bakin Gandu

Ɗan Iya, Bauchi
Ƙarshen watan Yuli

Zuwa ga Mahfuz, mijin da ba ya cefane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ban da gwiwar nan tawa da ke sanin zuwan hadari tun kafin masu rediyo su sani. Yaya aiki, yaya damina, yaya zaman tuzuranci a ɗakin haya? Na gaishe ka ne don gaisuwa haƙƙin musulmi ce, ba don ka cancanta ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga Ɗan Iya zuwa Yelwa, tafiyar da keke ke yi kafin kunu ya huce. Rantsuwa na yi. Na ce wallahi bakina ba zai ƙara yi maka magana ba sai ranar da aka tuge allon nan da ka kafa a bakin gandunmu. Baki na rantsar, ban rantsar da hannu ba. Kada ka wahalar da kanka da kiran waya, da na ga sunanka nake cusa ta ƙarƙashin filo. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ɗan abin da na samu ya isa in wanke jika tas in shanya. Job mai keken haya mai ƙafa uku, maƙwabcinmu, shi zai riƙa kawo maka. Dattijo ne, ba ya leƙa saƙon mutane.

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda ku masu digiri kanku ya cika har yana zuba. Da rani baffanka Abdulbaqi ya zo da dillali, ya ce gari ya cim ma gandu, a yanka shi fuloti-fuloti kowa ya kama rabonsa. Kai ka miƙe ka ce a ba ka damina ɗaya. Ka ce gwamnati ta fito da shirin tallafa wa gandayen gida, ofishinku na binciken noma zai gwada sabon irin masara wanda ciyawar wuta-wuta ba ta cin ƙarfinsa, kuma duk gandun da gwajin ya yi kyau a cikinsa za a ɗauke shi ya riƙa noma wa shirin iri, a saye abin da ya noma. Ka ce in haka ta samu, Mansir ɗan ƙanin kakanka da ke noma mana gandun ba zai tashi da iyalinsa ba, hatsin da ke shigowa gidan nan kowace kaka ba zai yanke ba. Abdulbaqi ya ce ya ji, damina ɗaya, in ba a ɗauki gandun ba zai dawo da dillalinsa. Ranar na yi maka guɗa a tsakar gida har awaki suka firgita. To ka sani na janye guɗata.

Ranar Asabar na je suna a Wunti. Ina zaune ina cin masa cikin mutuncina sai ga Ummi mai ɗinki, wadda tun muna 'yan mata take neman inda za ta same ni ba ta samu ba. Ta matso, ta kwantar da murya yadda duk ɗakin zai ji, ta ce ta wuce ta hanyar Dass ta ga gonarmu, Allah sarki, ashe haka marigayi kakanka yake noma, shi ya sa muka gudo birni. Na ture kwanon masar. Ban ko tsaya an raba goro ba, na fito na ce wa Job ya juya keke sai gandu.

Gani ya kori ji. Can ciki masara ta yi baƙi ƙirin don kore, ta wuce ƙirjin Job. Amma yankin bakin hanya, wanda idon kowa ke fara sauka a kai, ga ta nan rawaya, 'yar firit, kamar yaron da aka yaye ba shiri. Wuta-wuta ta fito a gindinta tana shirin fure abinta. A gabansu ga allonka, fari fat, da manyan baƙaƙe. A sama sunan kakanka. Sunan da na zauna da mai shi har ya koma ga Allah bakina bai taɓa furta shi ba, kai ka ba mai fenti ya rangaɗa shi kowane direban tifa yana karantawa. Ƙarƙashinsa kibiya ta nuna ciki, an rubuta sabon iri da sabuwar hanya. Wata kibiyar ta nuna masarar nan mai ciwon shawara, an rubuta: yadda mai gona ya saba.

Wane mai gonar? Sunan wa ke sama?

Kai ba ka san shi da fartanya ba, ka taso ka same shi da carbi da sanda. Mutumin nan yakan ce gonar bakin hanya fuskar mai gida ce. Takin farko nan yake zuba shi, noman farko nan, kuma ko yana zazzaɓi sai ya zagaya kunyoyin nan kafin 'yan kasuwa su fara wucewa. A ƙauyenmu da bakin hanya ake auna mutum. Mai neman aure ma, iyayen yarinya ba cikin gonarsa suke shiga ba, wucewa suke yi ta gefe kamar ba su kula ba. Wannan wurin ka zaɓa ka kafa wa kakanka shaidar lalaci.

Na tambayi Mansir, ya sunkuyar da kai ya ce umarninka ne da na shugabarku Dakta Dorothy: tsohon iri, ɗan taki kaɗan irin wanda yawancin manoma ke iya sawa yanzu, kuma kada a cire wuta-wuta ko ɗaya, wai ana zuwa ana ƙirga ta. Ana ƙirga ciyawa! Shekarun da ubanka ya yi yana ɗawainiyar karatunka, ashe ƙidayar ciyawa ake koya maka.

Abu biyu ne, ka zaɓa. Ko ka ciyar da masarar nan, ko ka tuge allon. In ba haka ba ka aiko mini da takardata, auren nan ya ishe ni, dama ban ga abin da na tsinta a ciki ba.

Ka gai da ƙwandunanka marasa wanki.

Kakarka,
Zinariya


Ɗan Iya
Watan Agusta

Mahfuz,

Sallama da fatan alheri. Ina fata ka isa Zariya lafiya, kuma kwas ɗin da aka tura ka yana ƙara maka abin da ka rasa, ko da yake ban ji ana koyar da kunya a aji ba. Mu nan lafiya lau, akuyar nan mai kunnen jaki ta haifi biyu. Job zai tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarka, ka tarar da ita in ka dawo.

Amsarka ta iso. Na buɗe da murna ina zaton ban-haƙuri ne, sai na ga takardar inji cike da layuka da akwatuna, a ƙasa ka sa da biro: Kaka ki yi haƙuri, kada a taɓa komai, in na dawo zan zo in yi bayani. Na gode. Takardar tana kama wuta da kyau, gawayina bai taɓa tashi da wuri haka ba.

Tunda ka ƙi zaɓa, na zaɓar maka. Ba na aiki a ɓoye, shi ya sa nake rubuta maka da hannuna tun kafin wani ya kai maka da ƙari.

Na share garken awakina ƙal. Na je wurin Lilian mai gidan kaji ta ba ni kashin kaji wanda ya kwanta ya huce, har tana tambaya ko lambu zan buɗe. Na bi masu tuyar masa na Wunti ɗaya bayan ɗaya na kwashe musu toka, suna ta sa mini albarka sun zaci taimakonsu nake yi. Job ya yi ta jigila. Bawan Allah, har yanzu in fasinja ya shiga kekensa sai ya duba ƙasan takalminsa. Wata 'yar jami'a ta sauka a tsakiyar hanya ta ce gara ta taka. Na ce masa ya yi haƙuri, warin arziki ne.

Na aika wa matan ƙauye cewa matar marigayi tana gayya. Ba wadda ta tambayi dalili, duk sun ga allon, duk abin yana cin su. Sun fito da sassafe, na kai musu masa da kunun tsamiya. Mansir ya tare bakin gona ya ware hannuwa kamar ɗan sandan hanya, yana cewa Inna ki rufa mini asiri, amana aka ba ni. Na ce masa jikin da yake tsaye da shi ɗin nan ni na goya shi ranar da uwarsa ta kwanta ciwo, ya matsa ko in bi ta kansa. Ya matsa. Kada ka ga laifinsa, ko kai ne za ka matsa.

Mun tuge wuta-wutar nan kakaf, muka tara ta muka cinna mata 'yar'uwarta. In masu ƙirga sun zo ka ce su ƙirga toka. Muka bi masarar gindi-gindi da taki muka rufe. Ni kaina na duƙa, da wannan gwiwar, ban san na iya ba sai da na tashi. Muna gamawa hadari ya haɗo ta gabas, aka yi ruwa mai laushi irin wanda ba ya wanke taki. In wannan ba amin ba ce daga sama, ka faɗa mini sunanta da Turanci.

Jiya na koma. Mahfuz, ka ga masara! Ta ware kafaɗa, rawayar nan ta gudu, har ta fara leƙen ta cikin. Na tsaya a gindin allonka na karanta shi da ƙarfi, yadda mai gona ya saba, na ce yanzu ka faɗi gaskiya. Na aika wa Ummi mai ɗinki cewa in tana da wata unguwar ta hanyar Dass ni zan kai ta a keke.

Na gyara maka aikinka ban nemi lada ba. In manyanku sun zo za su ga gandu kore daga bakin hanya har ƙurya, ba inda za su kushe. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutsen Bauchi ba zai hango ba. In ka tashi godiya, turmin atamfa ya isa, kada ka takura kanka.

Rantsuwa tana nan, don allon yana nan.

Matarka da ta fi ƙarfinka,
Zinariya


Ɗan Iya
Ƙarshen Satumba

Mahfuz,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Tambaya nake yi da gaske wannan karon, don Job ya ce ya ga ka rame, ni kuwa ba ni da hanyar sani tunda ka mai da wayarka dutse.

Ranar da ka dawo daga Zariya ka shigo gidan nan ko sallamar kirki babu, ka tsaya a kaina kana magana. Na juya maka baya ina tsinkar zogale, ka zaci ban ji ba. Na ji duka. Ka ce yankin bakin hanya ma'auni ne, sai an ga mai yunwa kusa da mai ƙoshi ake sanin abin da sabon iri ya yi. Ka ce ba kai ka zaɓi wurin ba, ƙuri'a aka jefa don kada a ce an ba sabon iri ƙasa mai kyau. Da bakina a buɗe yake da na tambaye ka: don a gwada maganin zazzaɓi sai a bar ɗan wani yana kakkarwa a bakin titi da sunan ubansa a goshi? Kuma mutuncin kakanka ne abin jefa wa ƙuri'a? Ka tara maza a zaure tun rani ka yi musu wannan bayanin da zane-zane, ni aka leƙo aka ce mini an gama magana. Tsohuwa ce, a ba ta goro ta yi shiru. To ga shirun nan ka gani.

Ranar da manyanku suka zo duba gonaki, ba wanda ya gayyace ni, na gayyaci kaina. Na ci ado, na zauna a kujerar gaba ƙarƙashin rumfa, wani mai hula ya zo zai tashe ni na tambaye shi ko gonar uwarsa ce. Manoman ƙauyuka sun cika wurin. Aka zagaya da su ciki, aka fito da su bakin hanya. Ina jin wani tsoho yana ce wa na kusa da shi, to ai duk ɗaya ne, in tsohon iri zai yi haka me zai kai mutum neman sabo. Na ji daɗi har na gyara ɗaurin ɗankwali. Sai na hango ka a bayan mota ka dafe kai.

Dakta Dorothy ta karɓi lasifika. Na shirya mata, na ce yau za a yi ta, bari ta kira sunana ta ga yadda ake rashin mutunci da Hausa. Ba ta kira ba. Cewa ta yi, da Hausarta mai gutsiri-gutsiri, an samu hannu ya shiga yankin ma'auni na wannan gandu, don haka ba za su iya cewa sabon iri ya fi ko bai fi ba a nan, kuma ba za ta kai wa gwamnati abin da ba ta tabbatar ba, saboda manoma dubbai za su sayi iri bisa maganarta. Ta ce an cire gandun daga lissafin bana. Da za ta wuce ta gabana har ta rusuna ta ce sannu Mama, ya ƙafa. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Matar nan muguwa ce, ka faɗa mata na ce.

An ce gandun da aka ɗauka yana can gaba, inda aka bar nasu yankin ya mutu murus kowa ya ga bambanci kamar dare da rana. Wato wanda ya bar masararsa ta lalace shi ya ci, wadda ta ciyar da tata ita ta faɗi. Wannan gwamnati taku sai ku.

Kafin mu bar wurin yaranku suka tuge allon suka jefa a bayan a-kori-kura. Ina kallo. Rantsuwata ta sauka ke nan. Tun a keke na ciro waya na kira ka, ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake. Job ya ce in bari ka huce. Na ce ya kula da hanya.

Ba a kwana biyu ba sai ga Abdulbaqi da dillalinsa, wani mai turare kamar an fasa shago. Wai an samu mai son bakin hanyar zai gina gidan mai, in ya saya sauran ma za su tafi da wuri. Baffan naka ya zauna a tabarmata, ya sha ruwana, ya yi murmushi ya ce Inna ai ke kika hutar da mu, da yanzu yaron nan ya ɗaure mu da gwamnati. Mahfuz, na haifi Abdulbaqi da wahala, na yi jinyar ƙyandarsa, amma ban taɓa jin ina son in mai da shi inda ya fito ba sai ranar. Godiyarsa ta fi zagin Ummi ciwo.

Matar Mansir ta zo jiya da goyo. Ta share mini tsakar gida, ta tambaya ko na san mai ɗakin haya mai sauƙi a cikin gari, ko da mijinta zai samu gadi. Na ce mata ban sani ba. Tuwon dare bai shiga ba.

Kada ka ɗauka haƙuri nake ba ka. Da ka sa sunan ofishinku a allon, da ko kallo bai ishe ni ba. Amma ka ɗauki waya. Ni na fara gaba, ni ke da ikon gama ta, ba a yi jikan da zai ƙwace mini ita ba.

Kakarka,
Zinariya


Ɗan Iya
Bayan girbi

Zuwa ga Mahfuz, sarkin 'yan fushi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya jiki, yaya aiki, yaya kumburin baki? Allah ya sa ya sace kafin ya taɓa hanci. Mu muna lafiya. Ga masa nan a kwano Job zai haɗa maka da takardar, in ba za ka ci ba ka dawo mini da kwanona.

Ka zauna ka karanta, labari ne.

Abdulbaqi ya kawo malamai masu rabon gado, tunda ba a sayar da abin da ba a raba ba. Aka taru a gandu, da babanka, da goggonninka, da dillali yana gefe yana danna waya. Aka karanto rabon kowa. Da aka zo kaina malam ya ce matar mamaci tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, sai Abdulbaqi ya yi caraf ya ce na Inna a haɗa a ba ta a hannu, me tsohuwa za ta yi da ƙasa. Na ce tsohuwa ita ta fi kowa kusa da ƙasa. Na ce tumunina a ƙasa nake so, kuma ba ko'ina ba sai bakin hanya, daga tsamiya zuwa kwalbati, inda na zuba takina. Dillali ya ɗago kai. Abdulbaqi ya ce ai nan ne idon gonar. Na ce na sani, ni ma ba makauniya ba ce. Malam ya ce wuri sai da yardar magada. Na juya na kalle su ɗaya bayan ɗaya, na ce wanda bai sha nonona ba a cikinsu ya ɗaga hannu ya ƙi. Babanka ya kalli sama. Goggonninka suka ce sun yarda, kuma nasu rabon ya zauna haɗe da nawa kada a ja igiya a tsakani. Babanka ya ce shi ma haka, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji. Abdulbaqi ya rage shi kaɗai, rabonsa ya faɗa can ƙurya wajen rafi. Mai gidan mai ba ya sayar wa kwaɗi fetur. Dillali ya shiga motarsa ko sallama babu.

Yanzu baffanka ma ba ya yi mini magana. Ku biyu ke nan. In kun haɗu ku kafa ƙungiya.

Ban yaudari kaina ba. Zai iya sayar da nasa wata rana, kuma ƙasa ba ta riƙe kanta. In gandun nan bai samu abin da zai tsaya a kai ba, wani dillalin zai zo lokacin da ba na nan, kuma ba kowa ke da nonon da zai yi barazana da shi ba. Shi ya sa na sa Job ya kai ni ofishinku. Ba ka nan, an ce ka fita ƙauye, ko kuma ka hango ni ka shige bayan kabad. Na shiga wurin Dakta Dorothy. Na ce mata ban zo ban-haƙuri ba. Ta ce ta sani, ta ba ni kujera. Na tambaye ta ko shirin nan ya mutu ne ko yana da baɗi. Ta ce akwai zagaye na biyu da damina mai zuwa, amma sharaɗin bai canja ba: dole a bar yanki guda da tsohon iri da yunwarsa da wuta-wutarsa, dole a jefa ƙuri'a, dole a kafa allo don manoma su san abin da suke kallo. Ta ce kuma tana tsoron wata tsohuwa mai awaki. Na ce tsohuwar nan ni ma ba na shiri da ita, amma zan yi mata magana.

Akwai abin da ban faɗa mata ba. Ranar da Mansir ya ɓare masara na sa ya ajiye mini ta ciki daban, ta bakin hanya daban. Tawa ta yi kyau, kada ka ji an ce. Amma na ɗauki taku a hannun dama, tawa a hagu, hannun dama ya fi nutsewa. Duk da takina, duk da gayyata. Na sa an niƙa taku na tuƙa. Ban ce ta yi daɗi ba, na ce ba laifi. Ina ci ina tuna shekarar da kakanka ya fara kawo garmar shanu ƙauyen, mutane suna dariya wai zai yanka wa ƙasa ciki. Da yana raye shi zai riga kowa zuwa ƙofar ofishinku neman irin nan, ya dame ku da tambaya har ku ɓuya. Amma da ba zai yarda a rubuta sunansa a kan masara mai yunwa ba, wannan kam ko a gaban alƙali.

To ga yadda za a yi. Bakin hanya yanzu nawa ne, ba na kakanka ba. Ku jefa ƙuri'arku a cikin tumunina, duk inda ta faɗa idon mutane zai gani, na yarda. Ku bar yankin da yunwa. Wuta-wuta ta yi fure har ta yi kitso, ba zan taɓa ta ba, in kana so ka ɗaure hannuwana da igiyar akuya. Amma a saman allon a rubuta Gandun Zinariya. A ƙarƙashin kibiya a rubuta yadda Zinariya ta saba. Da manyan baƙaƙe, yadda Ummi mai ɗinki za ta karanta ba tare da tabarau ba.

Duk ranar kasuwa Job zai kai ni da kujerata in zauna a gindinsa. Wanda ya tsaya don ya tambaya, in nuna masa ta ciki in tura shi wurinka. Wanda ya tsaya don ya yi dariya, ya same ni. Shi kakanka, bawan Allah, yana kwance ba shi da bakin ramawa. Ni kuwa ka san ina da shi.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, da mai fentinka. Ka zo da bayanin nan naka na zaure, ka yi mini shi daga farko, a zaune, kamar mutum. Zan katse ka, ka haƙura.

Matarka, tunda har yau ba ka aiko da takardar ba,
Zinariya